Babukan da Aka Karanta a Bakin Ƙorama

A wurinmu ba daga takarda ake ɗaukar littafi ba, daga bakin malami ake ɗaukarsa. Ɗalibi zai durƙusa a gabanka ya karanto Larabcin gaɓa-gaɓa, kana fassara masa da Hausa yana amsawa da na'am, har ku kai inda ka ga kansa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka a ranar, ka yi addu'a, ya rufe. Ranar da Allah ya kai shi ƙarshe sai a tara mutane, a kawo dabino da goro, malamin ya faɗa a gaban kowa cewa wane ya karanta littafin nan a wurina daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kamar yadda na karanta shi a wurin malamina, shi ma a wurin nasa, ya jero sunaye har inda aka kiyaye. Wannan magana shaida ce, shaida kuwa abin tambaya ce gobe Ƙiyama, don haka ba a ƙara mata ko shafi ɗaya da ba a karanta ba.

An yi mini wannan a ƙauyenmu da ke arewa da Affala, ina saurayi, a kan babban littafin fikihu wanda ake shiga bayan an gama ƙanana. Daga baya na zauna a Tawa na buɗe zaure, kuma na gode Allah, mutane da yawa sun sauke ƙananan littattafai a hannuna. Amma babban nan, har gemuna ya yi fari ban samu wanda ya kai ƙarshensa ba. Samarin Adar ba sa zama. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu sai tafiya biɗa, wannan Abijan, wancan Libiya. Waɗanda suka daure sukan kai babin aure, a nan kuma ake rasa su, don da sun ji hukuncinsa sai su tashi neman abin yinsa. Na daɗe ina jin nauyin abin a ƙirjina, kamar mutumin da aka ba ajiya ya kai wa wani, rana tana ta yin ƙasa bai ga mai karɓa ba.

Sai ɗan ƙanwata. Mahaifinsa ya rasu yana goye, ya tashi da safe lakwal, wato makarantar boko, da maraice zaurena. A cikin gida Kawu yake ce mini, idan ya buɗe littafi kuma in koma Malam, bai taɓa haɗa su ba. Da ya tafi jami'a a Yamai karatun dokoki na ɗauka shi ma na rasa shi, amma kowace damina idan aka ba su babban hutu sai ya dawo, kullum da hantsi yana gabana. A haka muka bi tsarki da salla da zakka da azumi da hajji, muka ƙetare aure lafiya, muka tsaya a ƙofar babin ciniki. Na auna a raina cewa idan na samu safiyarsa ta damina ɗaya cikakkiya, za mu bi ciniki da haya da jingina da shari'a, mu rufe da gado, wanda shi ne babi na ƙarshe. Daminar kuwa ita ce ta ƙarshe, domin an riga an yi masa alkawarin gurbin ƙarin karatu a ƙetare, ni kuma idona ya fara yana, shekaruna ba na mai jiran a je a dawo ba ne.

Ya iso gero ya fara tsiro. Na riga na sa an sake wa zaure yaɓe, na fito da littafin na kakkaɓe shi. Bayan gaisuwa sai na ga yana murza hularsa a hannu.

"Kawu, bana akwai wani abu. Jami'a ta ce kowanenmu ya yi aikin koyo cikin hutu, istaj, ya kawo shaida. Na samu wuri wajen Alhaji."

"Wane Alhaji?"

Na san wane Alhaji, tambayar ta neman numfashi ce. Ɗan majalisar dokoki ne a lokacin, abin da muke cewa depite, idan majalisa ta tashi hutu yakan zo ya zagaya ƙauyukan da suka zaɓe shi. Amma ni na san shi tun ba shi da takalmi. Tare muka zauna a gaban malaminmu, tare muka buɗe wannan littafi, kuma gaskiya ita ce ya fi ni kai. Abin da nake wuni ina maimaitawa, shi ji ɗaya yake yi masa. Shi ke ɗaukar wa malam buta, ni ke naɗe tabarma, duk wanda ya taɓa zama a zaure kuwa ya san bambancin ayyukan nan biyu. A shekarar fari, da rumbunan gidansu suka ƙare, ya bi yayyensa Abijan ana saura babi ɗaya. Ni na zauna na sauke. Ranar saukar, malam yana jero sunaye, na ga idonsa yana komawa kan hanyar kudu, kuma har yau ban manta da wannan kallo ba.

Ban hana yaron ba, ba ni da hujjar hana shi. Abin da na yi shi ne na yi masa nasiha mai tsawo a kan lokaci. Na ce masa na san aikin mutanen nan, rabinsa jira ne rabinsa gaisuwa. Zai zauna a gindin itace ana dafa shayi ana sake dafawa, a tashi daga gidan rasuwa a faɗa gidan suna, rana ta faɗi bai ƙaru da harafi ɗaya ba. Na ce kowace sa'a da ta wuce ba ta dawowa, kuma za a tambaye shi abin da ya zuba a cikinta. Ya saurara kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba, ya ce in sha Allahu ba zai bar sa'a ta wuce banza ba. Muka yanke cewa ranar Juma'a bayan la'asar tawa ce. Damina guda nake nema, aka ba ni yammacin Juma'a.

Ƙofar gidan ƙanwata tana kallon zaurena. Kowace safiya, daidai lokacin da ya saba shigowa ya tuɓe takalmi, sai farar motar Alhaji ta tsaya, direba ya danna oda. In ga yaron ya fito da sauri, jaka a kafaɗa, ya ɗago mini hannu daga nesa, ya shige. Ɗaliban da suka rage mini a lokacin wani tsohon tela ne da mahauta biyu, masu ƙananan littattafai, mutanen kirki, amma sau da yawa telan yakan maimaita jimla sau biyu kafin in lura yana jirana in fassara, saboda kunnena yana bin ƙarar motar har ta hau kwalta.

Labarinsa ya riƙa iso mini ba tare da na nema ba. Ƙanwata ta shigo wata rana da ƙwaryar fura, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Yaya, ka ji abin da ɗanka yay yi Kalfu? Wani ma'aikacin ruwa yaz zo shina ta Faransanci kan famfon da yal lalace, ba wanda ka gane komi. Ɗanka yat tashi yam maida shi Hausa, har tsohuwa kurma ta gane. Alhaji ya ce kan yaron ga fitila ne."

"Bai hwaɗa miki wanda yaz zuba ma fitilar mai ba?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na sha furar ban ji ɗanɗanonta ba.

Shi ma idan ya zo ranar Juma'a, rabin lokacin yakan tafi a labari. Yadda Alhaji ya zaunar da manoma da makiyaya a kan wani burtali da gona ta cinye, bai tashi ba sai da suka sha ruwa a ƙwarya ɗaya. Yadda Alhaji ya san sunan kakan kowane maigari. Yadda Alhaji yake sauraron tsohuwa mai kukan ɗakin shan magani kamar minista ce ke magana. Ina jin sunan yana faɗowa a zaurena kamar ɗigon ruwa daga rufin da ya yoye. Na lura ya canza yadda yake karya hula, ya koma karyawa ta gefen hagu, irin ta Alhaji. Wata rana daga ƙofar masallacin Juma'a na hango shi yana bin bayan mutumin, riƙe da takalmansa da dardumarsa. Shi ne wanda a da yake riƙe nawa. Na sunkuya na ɗauki takalmana da kaina, gwiwata ta yi ƙara, wani maƙwabci ya ce sannu Malam, na amsa masa da gajeren baki.

Daga nan ruwa ya sauka sosai, suka nausa ƙauyukan arewa, Juma'o'i suka wuce ban gan shi ba. Muna nan a shafukan farko na ciniki. Na daina auna komi a raina, don duk yadda na auna ba ya kaiwa.

Ya dawo gero ya yi bununi. Ya yi baƙi, ya rame, amma idonsa yana walƙiya. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya buɗe nasa kwafin littafin. Alamarsa wani ɗan tsinken kaba ce da ni na yanka masa da hannuna. Ko da yanar idona na ga tsinken ba ya inda muka bar shi, ya yi nisa ƙwarai, abin da ya rage a bayansa ɗan kaɗan ne.

"Alamar ta zame ne?"

"A'a, Malam. Nan muka tsaya."

"Ku da wa?"

Ya ba ni labari yana murmushi, kamar wanda ya kawo tsaraba. A kan hanyarsu ta wani ƙauye bayan Affala suka tarar ƙorama ta kawo, ruwa ja yana gudu da itatuwa, babu mota mai shiga. Wanda ya san Adar ya san wannan zama: babu gaba, babu dabara, sai a jira ruwa ya ja baya. Sauran ƴan rakiya suka hura gawayi suka ɗora shayi. Shi kuwa ya tuna nasihata, ya koma gefe ƙarƙashin wata aduwa ya fito da littafin yana bitar abin da ya wuce. Alhaji ya zo wucewa ya ga bangon, ya tsaya cak, ya karɓa ya juya shi a hannu, sannan ya rufe ya fara karanto babin ciniki da ka. Daga nan ya shimfiɗa darduma a kan yashi ya ce masa karanto. Tun daga ranar, duk inda ruwa ya tsare su, duk inda suka zauna jiran maigari ya dawo daga gona, duk doguwar tafiya a cikin mota, karatu suke yi.

"Malam ya ce in gaishe ka, kuma in tambaye ka wata mas'ala a jingina."

"Wane malam?"

Ya sunkuyar da kai. Shi da kansa bai ji lokacin da kalmar ta fita ba. Tun yana yaro mutum ɗaya yake kira da wannan suna idan littafi yana buɗe.

Na ce ya juya baya ya buɗe babin haya, ya karanta ya fassara da kansa. Ina so in kama kuskure, ina addu'a a ɓoye Allah ya nuna mini ko ɗaya. Ya karanta tsaf, ya fassara tsaf. Da ya zo kan wanda ya ɗauki hayar dabba ya wuce iyakar da aka yi da shi, sai ya buga yatsu biyu a kan tabarma ya ce: "Kamar mutum ya ɗauki jakin maƙeri zuwa kasuwar Kalfu, sai ya zarce da shi Tawa, jaki ya faɗi a hanya ya mutu. To, maƙeri ba ya asara."

Na san jakin nan. Jakin maƙeri na malaminmu ne, buga yatsun ma nasa ne. Akwai maƙeri a ƙauyenmu mai wani jaki mai yankakken kunne, duk hukuncin haya a kansa malam yake sauke shi, har mukan ce jakin nan ya fi mu sanin babin. Ni na daɗe da barinsa. Da na zo birni na ga ɗalibaina ba su san jaki ba sai na koma buga misali da kabu-kabu, babur na haya, a hankali jakin ya fita daga bakina, har ya fita daga raina. Yau ga shi ya dawo mini da kunnensa yankakke, ta bakin ɗan ƙanwata, daga wurin mutumin da ya bar karatu ya tafi talla. Ni da na zauna na riƙe littafin, shi da ya tafi ya riƙe muryar malam.

Na ce: "Mayar da alama inda muka tsaya ni da kai. Daga nan za mu tashi."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. "Kawu, na ɗauka za ka yi murna."

"Littafi a buɗe yake."

"To, Malam."

Ya mayar da tsinken da hannunsa. Muka sake bin ciniki daga inda muka bari, Juma'a bayan Juma'a, ƴan shafuka kaɗan-kaɗan. Bai yi ƙorafi ba, na'am ɗinsa ma bai canza ba, sai dai murmushin nan ya tafi. Ina da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce: littafin da aka fara a hannun malami a hannunsa ake ƙarewa, ba a tsallakawa wurin wani sai da izininsa, haka muka tarar. Amma a duk abin da muka maimaita ban samu gyara ba, sai wuri ɗaya da na fi son wani ƙaulin a kan wanda aka ba shi, shi ma na san wanda aka ba shin shi ne zaɓin malaminmu. Gero ya yi ƙwaya, yara suka fara gasa tumu a bakin gonaki, hutu yana naɗewa, mu kuwa da ƙyar muka kai rabin ciniki.

Wata safiya bayan telan ya tashi, na ji sallama da muryar da ba ta buƙatar a tambayi mai ita. Ya bar motar a bakin titi ya tako da ƙafa, shi kaɗai. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari kamar nawa, amma dariyar tana nan yadda na san ta. Ya tuɓe takalmi, na nuna masa buzu kusa da ni, ya ƙi, ya zauna a kan tabarmar ɗalibai.

"Mai zaure! An ce ka sa a wanke karatuna kamar ƙwaryar da kare yal lasa. Wanki nawa yar rage?"

"Ka shiga gonata ba ka yi sallama ba, Alhaji."

"Gonarka! Bakin ƙorama na iske ta, ba mai tsaro. Kai kac ce ma yaro kada shi bar sa'a ta wuce banza. Ruwa ya tsare mu tun hantsi har la'asar, mi kaka so mu yi? Mu zauna ƙidayar awakin mutane?"

"Siyasa ba ta ishe ka ba? Ƙuri'un Adar duka ka kwashe. Ɗalibi guda gare ni, shi ma sai ka sa hannu."

"Duka? Taka ko sau ɗaya ba ka jehwa min ba, na sani."

"Ban jehwa ma kowa ba."

"To, ka ga akwai saura."

Ya yi dariya har da tari, ni ban yi ba. Da ya ga haka sai ya bar wasan. Ya miƙa hannu ya shafi bangon littafina da ke kan buzu. Na tambaye shi, ba don ina son jin amsar ba, yadda aka yi bai manta da jakin maƙeri ba bayan waɗannan shekaru.

"Abijan ina tallan agogo da tabarau bisa titi, rana na dukana, babukan ga nika maimaitawa. Rabi don kada in ci haram, rabi don kada in yi kuka gaban mutane. Su ɗai niz zo da su daga gida, to, mi zan mance?" Ya janye hannunsa. "Amma ga ƙohwar gado nit tsaya, ka sani. Ban ɗauke shi ga Malam ba, ba ni ba da shi. Na hwaɗa ma yaro daga nan sai kawunka, duk Adar shi ɗai yar rage wanda yaj ji shi daga bakinai. In ka ci gaba da wankin ga, yaron ba shi saukewa bana, kuma ni da kai mun san shekarunmu. Na bar maka sahiyarshi har hutu shi ƙare. Aikina shi jira azahar."

Ya tashi ya sa takalmi ya tafi, ban raka shi ba sai da ido. Abin da ya fi ci mini rai ba tsiyar da ya yi mini ba ce, kyautar ce. Safiyar yaron nan ta damina tawa ce tun yana koyon alwala, yau ga wani ya zo har zaurena ya miƙo mini ita kamar sadaka, kuma ba ni da ikon in ƙi karɓa. Na wuni ina juya maganar. Hanya biyu ce babu ta uku. Ko in ci gaba da maimaitawa, yaron ya zama nawa ni kaɗai a rabin littafi, ya tafi bai sauke ba kamar sauran. Ko in karɓi babukan bakin ƙorama yadda suke, ya sauke, amma in raba shi da wani har abada. Na yi salloli biyar na ranar da wannan a zuciyata, ina neman gafarar raunin halartar zuciya a kowace.

Washegari da hantsi yaron ya shigo, mota ba ta zo ba. Ya durƙusa ya buɗe inda tsinken yake, a tsakiyar ciniki, ya yi basmala zai fara.

"Juya," na ce. "Kai mu gado."

Hannunsa ya tsaya a kan shafin, sannan ya juya da sauri kamar yana tsoron in sake shawara.

Waɗannan safiyoyi su ne mafi daɗin da na yi a zaure. Gado ba a koyar da shi da baki kaɗai, sai na sa aka zubo yashi mai laushi a gabanmu, ina zana magada da yatsa, muna rabo da ƙwallayen dabino, ga rabon mata, ga na uwa, ga abin da ya rage wa asaba, dangi maza ta wajen uba. Kansa na lissafi ne, kafin in gama jera mas'ala ya hango inda za ta faɗa. A nan babu wanda ya riga ni, kowace kalma daga bakina ta fara shiga kunnensa, kuma ban ɓoye wa kaina cewa wannan yana cikin daɗin ba. Amma da inuwa ta fara matsowa gindin bango, sai in ga ya saci kallon wayarsa. Ana kiran azahar farar motar tana ƙofa.

Mun sauke an fara yankan gero, saura ƴan kwanaki ya koma Yamai. Ƙanwata ta kwana biyu tana shiri, aka shimfiɗa tabarmi har titi, malamai suka zo, maƙwabta suka zo, telan da mahautan suka zauna a gaba suna ta gyara riguna. Alhaji ya zo, aka buɗe masa wuri a cikin manya, ya wuce ya zauna a bayan yaron, cikin ɗalibai. Yaron ya karanta shafin ƙarshe, na fassara. Sannan aka zuba mini ido ana jiran shaida.

Jimlar da na yi shekaru ina tanadi tana kan harshena: daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Babu wanda zai tuhume ni a wurin idan na faɗe ta, yaron ba zai ɗago kai ba, Alhaji ma na san ba zai yi magana ba. Amma ba su ne masu tambayar ba. Na ce yaron nan ya karanta littafin nan a wurina daga farkonsa zuwa tsakiyar babin ciniki, da kuma babin gado zuwa ƙarshe. Abin da ke tsakani ya ɗauke shi a wurin wane ɗan wane, na ambaci sunansa ba tare da Alhaji ko depite ba, wanda ya ɗauke shi tare da ni a wurin malaminmu, Allah ya jiƙansa. Sannan na jero sauran sunayen.

Aka yi kabbara. Kawuna suka juya, ba wajena ba, wajen Alhaji. Mutane da yawa ba su taɓa sanin ya zauna a zaure ba, sai ga shi sun ji sunansa a jere da na malamai, inda zai zauna muddin akwai mai karɓar littafin nan daga hannun yaron. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Yaron ya rarrafo ya kama hannuna da hannu biyu ya sa a goshinsa, ni ya fara yi wa, wannan na gode masa. Sannan ya juya wurin Alhaji. Na sa ido ina kallon tsawon riƙon, kuma a ganina na can ya fi daɗewa, ko da yake ƙanwata ta ce yanar idona ce.

Ajiyar ta isa hannun mai ita, wannan nauyin ya sauka daga ƙirjina, kuma ina gode wa Allah a kansa safe da maraice. Yanzu yaron yana ƙetare. Yakan kira ni ta waya ranar Juma'a, telan ya riƙe mini ita kusa da kunne saboda tsufa. Kwanan baya ya ce mini wasu abokansa ƴan ƙasarmu sun roƙe shi ya fara musu littafin, sun kai haya, sun yi ta dariyar jakin maƙeri. Na tambaye shi kabu-kabu fa. Ya ce shi ma yana kawo shi, Kawu. Na ce to, madalla. Kafin mu yi sallama na ce ya daure ya riƙa kiran Alhaji yana gaishe shi, don yana da haƙƙi a kansa.

"Na kira shi, Kawu," ya ce. "Jiya."